Yadda za ka kare ƙirƙirarka a ƙasashe da yawa ba tare da ka cinye jarinka ba

Mai walda a Garwa da ya ƙera injin ɓare gyaɗa mai sabon salo, da malamin jami'a a Ngaundere da ya gano hanyar adana albasa ba ta ruɓe ba, damuwarsu ɗaya ce: kada wani ya kwaikwaya ya ci ribar guminsu. Shawarar da aka saba ba su ita ce su nemi takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda a ofisoshinmu na Kamaru da Cadi ake kira brevet. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne babu takarda guda da ke aiki a duniya baki ɗaya. Kowace tana da ƙasashen da take ci, kowace kuma tana cin kuɗi duk shekara har shekara 20. Wanda ya shimfiɗa taswira ya fara ƙirga ƙasashe, jarinsa zai ƙare kafin ya sayar da inji na goma. Dabarar ita ce ka biya kaɗan da farko don ka samu lokaci, sannan ka zuba kuɗi a wuraren da mai kwaikwayo zai ƙera kayan ko ya sayar da su, nan kaɗai.

Mataki na farko: kama bakinka

Sharaɗi uku ake dubawa. Abin ya zama sabo, ya zama ba abin da duk gogaggen maƙeri zai hango da kansa ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Na farkon shi ne yake kayar da mutanenmu, domin sabo a nan yana nufin ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina cikin duniya, ko da kai da kanka ka bayyana. Ka ɗauki bidiyon injin yana aiki ka sa a Facebook ko TikTok, ka kai shi kasuwar Marwa ka sayar da guda biyu, ɗalibinka ya kare kundin digirinsa a gaban jama'a da zanen a ciki, duk waɗannan na iya kashe maganar tun kafin ta tashi. Wasu dokoki suna yin sassauci ga baje koli na hukuma, amma sassaucin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma kai ƙasashe da yawa kake nema. Kada ka jingina da shi.

Idan dole sai ka nuna wa wani, misali Alhajin da zai sa kuɗi ko mai juya ƙarfe da zai yi maka wani sashe, a rubuta takardar riƙe sirri a sa hannu. A wannan zaman kuma a rubuta waye mai ƙirƙirar, waye mai haƙƙi, da kason kowa. Ma'aikacin kamfani ko na cibiyar bincike ya fara duba kwantiraginsa, don abin da aka ƙirƙira a bakin aiki galibi haƙƙinsa na mai aikin ne.

Mataki na biyu: bincika kafin ka biya ko dala

Akwai rumbunan bayanai na kyauta a intanet: Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, PATENTSCOPE na OMPI, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta duniya da ke Janeba, wadda masu Ingilishi ke kira WIPO, da Google Patents. Ka nemi abinka da Faransanci da Ingilishi, ka fi mai da hankali kan zane. Sau da yawa za ka tarar wani a Indiya ko Sin ya rigaya da shekaru. Abin da ciwo, amma ya fi ka gano bayan ka biya lauya. Akwai ma riba a ciki: duk ƙirƙirar da lokacin yi mata rajista a yankinmu ya wuce ba a yi ba, ko wadda shekarunta 20 suka cika, kana da damar ƙera ta a nan ba tare da neman izinin kowa ba.

A nan ne kuma za ka tambayi kanka ko brevet ne ma ya dace da kai. Haɗin yaji ko na sabulu da ba a gane shi da ido, ɓoye shi ya fi, tunda takardar ƙirƙira tana tilasta maka ka bayyana komai a buga wa duniya. Kilishi da man shanu ba sabbin abubuwa ba ne, abin da ke kare su suna ne: tambarin kasuwanci, ko rajistar asalin wuri irin wadda aka yi wa barkonon Penja, zumar Oku da kilishin Nijar. Idan kuwa ɗan gyara ne ka yi wa kayan aiki, kamar sabon tsarin rariya ko maƙalar garma, akwai ƙaramar takarda da ake kira modèle d'utilité, ta shekara 10, mai sauƙin sharaɗi da sauƙin kuɗi. Yawancin abin da ke fitowa daga garejojinmu nan ne gidansa.

Mataki na uku: takarda ɗaya a Yawunde, ƙasashe 17

Mu a Kamaru da Cadi muna da wata sa'a da maƙwabtanmu na Najeriya ba su da ita. Ƙasashenmu suna cikin OAPI, hukumar rajistar ƙirƙira da ke da hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Takarda ɗaya daga can tana aiki kai tsaye a ƙasashe 17: Kamaru, Cadi, Nijar, Afirka ta Tsakiya, Gabon, Kongo-Brazzaville, Ikwatoriyal Gini, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Kot Dibuwa, Gini, Gini-Bisau, Senegal, Muritaniya da Komoros. Ba a zaɓen ƙasa, ba a biyan kuɗin kowace daban, kuma babu wata takardar Kamaru ko ta Cadi ita kaɗai. Kuɗin shekara ma wuri guda ake biya.

Ka duba tashoshin jiragen ruwan da ke cikin wannan jerin: Duwala, Kribi, Kwatano, Lome, Abijan, Dakar. Takardar ƙirƙira tana ba ka ikon hana ƙerawa, da hana sayarwa, da hana shigo da kayan. Ko da a Guangzhou aka kwaikwayi injinka, ranar da aka kawo shi don sayarwa a Njamena, Yamai ko Bamako, ya shigo hurumin takardarka. Wannan ne dalilin da ya sa mafi yawanmu ba ma bukatar rajista a Sin.

Mazaunin ƙasar da ke cikin OAPI yana iya shigar da takardunsa da kansa, ko dai a Yawunde ko ta ofishin tuntuɓa da hukumar ke da shi a ma'aikatar da ke kula da masana'antu ta kowace ƙasa. Na waje ne dole sai ya ɗauki wakilin da hukumar ta amince da shi. Kafin ka biya komai, ka tambayi ofishin tuntuɓar game da tallafin da OAPI ke yi wa ɗaiɗaikun masu ƙirƙira 'yan ƙasashenta, ka kuma karɓi jadawalin kuɗaɗe na yanzu a rubuce. Kada ka yi aiki da tsohon jadawalin da wani ya turo maka a WhatsApp, domin gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Bamako a 2015 ya sauya tsarin: tun daga 2025 hukumar tana bin diddigin ko abu sabo ne kafin ta ba da takarda, saɓanin da, lokacin da galibi cikar takardu ake dubawa.

Yanzu ga wurin da ban yarda a yi rowa ba. Takardar tana da bayani, da zane, da kuma sashen da'awa, wanda ake kira revendications, inda kake jera abin da kake cewa naka ne. Wannan sashen kamar iyakar gona yake: abin da ka kewaye shi ne naka, abin da ka bari a waje na kowa ne. Ka rubuta cewa injinka yana da wuƙa huɗu na ƙarfe, wani ya yi mai biyar, ya tsira. Ka faɗaɗa fiye da kima, ka shiga abin da aka riga aka sani, a soke. Bayan ranar shigarwa kuma ba a ƙara sabon abu a cikin bayanin. Duk ƙasar da za ka je daga baya, wannan rubutun za ka ɗauka, saboda haka kuskurensa zai bi ka ko'ina. Ka biya ƙwararre ya rubuta ko aƙalla ya gyara, ka rage kuɗi a wani wurin. Ka gaya masa ya taƙaita, don OAPI na ƙara kuɗi idan da'awoyi sun wuce 10.

Wani abu da ke ceton kuɗi mai yawa, ba a kuma cika tunaninsa ba: harshe. OAPI tana karɓar Faransanci ko Ingilishi. Idan ka san gabanka Najeriya ne, ko Gana, Kenya, Afirka ta Kudu ko Indiya, ka sa a rubuta da Ingilishi tun farko. Fassarar takardar fasaha shafi-shafi ake biya, kuma kalma ɗaya da aka karkata tana iya sauya iyakar da'awarka. A Duwala da Yawunde ba a rasa wakilai masu aiki da harsunan biyu.

Mataki na huɗu: agogon wata 12

Ranar da aka karɓi takardunka aka ba ka lamba, ita ce ranar fifikonka. Daga nan kana iya buɗe baki, ka nuna, ka sayar, amma abin da ke cikin takardar kawai. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 ka shigar da wannan ƙirƙirar a sauran ƙasashen da ke cikinta, a ɗauka kamar a ranar farko ka shigar. Idan ka shigar ranar 10 ga Fabrairun 2026, kana da har 10 ga Fabrairun 2027. Ko modèle d'utilité ka fara da shi, kana da wannan damar.

Wannan shekarar ta gwajin kasuwa ce. Ka ƙera, ka sayar, ka lura daga ina masu saye ke zuwa. Ka ɗauki takarda ka rubuta wa kowace ƙasa amsar tambaya uku: nawa zan iya sayarwa a can cikin shekara biyar, akwai masu iya ƙera irinsa a can, kuma idan an kwaikwaya ina da wanda zai tsaya mini a kotu? Ƙasar da ta faɗi tambaya ta uku, takardarta ado ce kawai. Hukumar rajista ba ta kama kowa. Kai ne za ka gano mai kwaikwayo, ka je kotun ƙasar, ka nemi umarnin a je a ƙididdige kayan ko a kama su, ka kuma biya lauya.

Ga mafi yawan masu karanta wannan, amsar za ta fito da suna ɗaya: Najeriya. Ba ta cikin OAPI, ba ta cikin ARIPO, takwarar OAPI ta ƙasashe masu Ingilishi, mutanenta sun haura miliyan 200, kuma kayan Garwa kwana nawa ne sun isa Yola da Mubi, na Kuseri da Marwa sun isa Maiduguri da Kano. Can kuma akwai masu ƙera abin da suka gani sau ɗaya. Ana yin rajista a Abuja ƙarƙashin dokar 1970, da Ingilishi, ta hannun wakili mai adireshi a ƙasar. Ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya tantance ko abin sabo ne, shi ya sa takardar ba ta da wahalar samu. Amma ka fahimci abin da hakan ke nufi: ƙarfinta sai a gaban Babbar Kotun Tarayya ake sani, ranar da wanda ka kai ƙara ya ce abinka ba sabo ba ne. Binciken da ka yi a mataki na biyu, ranar zai yi maka rana.

Idan lissafinka ya tsaya a OAPI da Najeriya, ka gama. Ka nemi kofi mai hatimi na takardar farko daga Yawunde, ka tura wa wakilinka na Abuja tun wata na tara ko na goma, ka shigar kai tsaye. Ofis biyu, ƙasashe 18. Ba ka bukatar abin da ke tafe.

Mataki na biyar: PCT, ga mai bukatar ƙarin lokaci

PCT yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a Washinton a 1970, ta fara aiki a 1978, kuma Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashen farko da suka shige ta. Yau ƙasashenta sun haura 150. Mutane suna kiranta takardar duniya, alhali ba ta ba da haƙƙi ko a ƙasa ɗaya. Abu biyu take yi. Tana ɗage maka ranar yanke shawara daga wata 12 zuwa wata 30, wasu wuraren 31. Tana kuma kawo maka rahoton bincike daga babban ofishi, tare da ra'ayinsa a rubuce kan ko abinka sabo ne.

Mu koma kan misalin ɗazu. Ka shigar da PCT kafin 10 ga Fabrairun 2027, ta OAPI ko kai tsaye a Janeba ta intanet. Wajen wata na 16 rahoton zai iso. A wata na 18, wato Agustan 2027, a buga takardarka kowa ya gani. Najeriya, Masar, Sin da Brazil suna jiranka har 10 ga Agustan 2028, ARIPO da Indiya da Afirka ta Kudu kuma su ƙara maka wata guda. Idan rahoton ya fito da muni, ka tsaya nan, ka tsira da kuɗin wakilai da fassara na ƙasashe biyar. Idan ya yi kyau, ka samu takardar da za ka ajiye a gaban mai zuba jari ko kamfanin da zai sayi lasisi, wato izinin ƙera abinka, shi ya ɗauki nauyin sauran.

Kuɗin shigarwa faran Suwizalan 1,330 ne, wajen sefa 900,000, da ƙari kan kowane shafi bayan na 30. Amma akwai rangwamen kashi 90 cikin 100, wanda ke mayar da shi ƙasa da sefa 100,000, kuma a nan Kamaru da Cadi suka bambanta. Ɗan Kamaru mazaunin Kamaru yana samu idan da sunansa na mutum ya shigar, kamfanin Kamaru ba ya samu. Cadi kuwa tana cikin jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka mutum da kamfani duk suna samu. Sharaɗin shi ne duk waɗanda aka rubuta a matsayin masu nema su cancanta. Ka sa sunan yayanka da ke zaune a Faransa don girmamawa, rangwamen ya tafi. Kada kuma a yi wayon sa sunan mutum alhali kamfani ne mai abin, domin ana bukatar wanda ya nemi rangwamen ya zama shi ne mai haƙƙin na gaskiya.

Kuɗin bincike daban yake, kuma ya fi nauyi. Na ofishin Turai ya haura yuro 1,800, wato sama da sefa miliyan ɗaya tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Shi ma yana rage kashi 75 cikin 100 ga ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

A ganina PCT tana biyan kanta ne idan kana hangen ofisoshi uku ko fiye bayan OAPI, ko kana neman abokin jari ba ka samu ba tukuna. Ka lura kuma akwai ƙasashen da ba sa cikinta, kamar Kongo-Kinshasa, Pakistan da Bangladesh. Su a cikin wata 12 na farko ake shigarwa, in ya wuce ya wuce. Bayan an buga takardarka, wasiƙu za su iya zuwa maka masu kama da na hukuma, suna neman kuɗin wata rajista. OMPI ta sha yin gargaɗi a kansu. Kada ka biya kowa sai ka tambayi ofishin da ka shigar.

Mataki na shida: tankaɗe sauran ƙasashe

ARIPO, mai hedikwata a Harare, ita ce takwarar OAPI ga yawancin ƙasashe masu Ingilishi, ƙarƙashin yarjejeniyar Harare ta 1982. Tsarinta ya bambanta da namu: kai kake zaɓen ƙasashe, kana biyan kuɗin kowace, a shigarwa da kuma duk shekara, kowace ƙasa kuma tana da wata shida ta ce ba ta amince ba. Saboda haka kada ka cike duk akwatunan da ke kan fom. Mai injin ƙaro ko riɗi a Abeche yana iya zaɓar Sudan, mai kayan sarrafa gyaɗa ya zaɓi Gana ko Gambiya, ya bar sauran.

Masar sai da Larabci, Brazil da Fotugis, Sin da Sinanci, fassara kaɗai na iya fin kuɗin ofis. Indiya ba ta bukatar fassara idan da Ingilishi ka rubuta, amma tana tsananta bincike, tana kuma neman ka riƙa ba da bayanin ko kana amfani da ƙirƙirar a ƙasar. Sin tana da ma'ana ne idan can za ka ba da kwangilar ƙera kayanka, don kada masana'antar ta ci gaba da ƙerawa tana sayar wa wasu. A wannan halin ka tambayi wakili game da ƙaramar takardarsu ta shekara 10, ta fi sauri da arha.

Kowane wakili ka tuntuɓa, ka nemi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku, a raba kuɗin gwamnati da ladan aiki, a kuma haɗa da kuɗin amsa tambayoyin mai bincike da na karɓar takarda. Farashin shigarwa kaɗai yaudara ne.

Mataki na bakwai: kuɗin shekara

Wannan ne ke cin mutum a hankali. Kowace takarda ana sabunta ta duk shekara, kuma kuɗin yana hawa da tsufanta. Idan ranar ta wuce kana da wata shida ka biya tare da tara, bayan nan haƙƙin ya faɗi. Ka rubuta ranakun a littafi da waya, ka ba wani amintacce kofi. Wata biyu kafin kowace rana, ka kwatanta abin da ƙasar ta kawo maka a bara da abin da za ka biya. Wadda ba ta kawo komai ba shekara uku a jere, kuma babu maganar lasisi a ƙasa, ka sake ta. OAPI ita ce ta ƙarshe da za ka saki.

Riƙe takarda ba tare da aiki da ita ba ma yana da nasa haɗari, don bayan shekara huɗu da shigarwa ko uku da bayarwa, wani na iya neman a tilasta maka ba shi lasisi idan ba ka wadata kasuwa ba. Idan ba ka da ƙarfin ƙerawa a Yamai ko Kano, ka nemi maƙeri a can ku ƙulla lasisi: yankin da zai sayar, kason da zai ba ka kan kowane inji, shekarun yarjejeniyar, da wanda zai biya kuɗin shekara da na kotu idan ta kama. Ku rubuta, ku sa hannu, sannan ku kai a shigar da ita a rajistar ofishin da ya ba da takardar, domin lasisin da ba a yi wa rajista ba, ba ya zama hujja a kan wanda ba ya cikin yarjejeniyar.